Robert McDonald: Daga kamfanin sabulu zuwa ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka

A ranar 29 ga watan Yulin 2014, majalisar dattawan Amurka ta yi abin da ba kasafai take yi ba a waɗannan shekaru na zaman doya da manja tsakanin shugaba Barack Obama da ƴan adawa: ta amince da naɗin minista ba tare da ko mutum ɗaya ya ce a'a ba. Sanatoci 97 ne suka kaɗa ƙuri'a, kuma dukkansu suka amince.

Wanda aka naɗa ɗin, Robert McDonald mai shekara 61, ba likita ba ne, ba janar ba ne, bai kuma taɓa tsayawa takara ba. Shekara 33 ya yi a kamfanin Procter & Gamble, mai yin Pampers da Always da rezar Gillette da garin sabulun Ariel, wanda a kasuwannin Maraɗi da Damagaram ake haɗa shi da sauran a kira shi omo, duk da cewa Omo na kishiyarsa ne, wato Unilever. Aikin da aka ba shi shi ne gyara ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wadda Amurkawa ke taƙaita sunanta da VA, a daidai lokacin da sunan nata ya ɓaci fiye da na kowace ma'aikata a ƙasar.

VA ba ƙaramar ma'aikata ba ce. In ban da ta tsaro, babu wadda ta kai ta yawan ma'aikata a gwamnatin tarayya: sama da mutum dubu 300 a lokacin, da manyan asibitoci kimanin 150, da ƙananan gidajen shan magani sama da 800. Tana duba lafiyar ƴan mazan jiya kusan miliyan 9, tana biyan diyyar waɗanda suka samu nakasa a bakin aiki, tana ɗaukar nauyin karatunsu, tana tsaya musu su samu bashin gida, kuma idan suka mutu ita ce ke da maƙabartun da ake binne su. Duk sojan Amurka da ya tuɓe kaki salin alin yana iya ƙwanƙwasa ƙofarta, daga dattawan yaƙin Vietnam har zuwa matasan da suka yi aiki a sansanonin Yamai da Agadas kafin ficewarsu daga Nijar a 2024.

Rajista biyu a Phoenix

Asirin ya tonu ne a watan Afrilun 2014, lokacin da tashar CNN ta watsa bayanan wani likita mai suna Sam Foote, wanda ya yi ritaya daga asibitin VA na birnin Phoenix a jihar Arizona. Likitan ya ce asibitin na da jerin sunaye iri biyu. Akwai na hukuma da ake aikawa Washington, mai nuna cewa maras lafiya na ganin likita cikin ƴan kwanaki. Akwai kuma na ɓoye, inda ake ajiye sunan mutum watanni, sai an samu gurbi a saka shi a na hukuma kamar yau ya zo. Ya ce tsofaffin sojoji kusan 40 sun mutu suna jira.

A ƙarshen watan Mayu, sufeto janar na ma'aikatar ya fitar da rahoton farko. Asibitin ya ce matsakaicin jiran shi ne kwana 24. Masu bincike suka tarar kwana 115 ne. Sun kuma gano mutum 1,700 da ke jiran likita amma sunayensu ba sa cikin rajistar hukuma sam. Daga baya rahoton ƙarshe ya ce ba za a iya yanke hukuncin cewa jiran ne ya kashe mutanen ba, abin da ya ƙara fusata iyalansu da ƴan majalisa.

Ranar 30 ga Mayu, minista Eric Shinseki ya ajiye aiki. Shinseki janar ne mai tauraro huɗu, ya rasa wani sashe na ƙafarsa a Vietnam, kuma ana ganin girmansa tun 2003 da ya gargaɗi majalisa cewa riƙe Iraki zai ci sojoji dubu ɗaruruwa, gwamnatin George W. Bush ta yi watsi da maganarsa. Ya tafi yana cewa ya yarda da mutanen da bai kamata ya yarda da su ba. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar a watan Yuni ya nuna ba Phoenix kaɗai ba ce: sama da tsofaffin sojoji dubu 57 sun shafe kwana 90 ko fiye suna jiran ganin likita karon farko.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Tun a 2011 ma'aikatar ta kafa ƙa'idar cewa kowane maras lafiya ya ga likita cikin kwana 14, ta kuma sa wannan adadi cikin abubuwan da ake duba wa kafin a ba shugabannin asibiti ƙarin girma ko kuɗin yabo. Amma ba ta ƙara likitoci da ɗakunan duba maras lafiya gwargwadon buƙata ba, alhali sojojin Vietnam na tsufa suna ƙara neman magani, ga kuma masu dawowa daga Iraki da Afganistan. Shugaban da ba zai iya cika adadin ba, sai ya gyara adadin a takarda. Abin lura a nan shi ne, wannan dabara ta a kafa lamba a biya mutum idan ya cim mata, daga duniyar kamfanoni aka aro ta. Da ta haifi ɗa marar ido, sai Obama ya koma wannan duniyar ya ɗauko mai gyara.

Yaron da ya nemi makarantar soja yana ɗan shekara 11

An haifi McDonald ranar 20 ga Yunin 1953 a garin Gary na jihar Indiana, ya tashi a bayan birnin Chicago. Yakan ba da labarin cewa yana ɗan shekara 11 ya rubuta wa ɗan majalisar yankinsu, Donald Rumsfeld, yana neman a taimaka masa ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta West Point. Ya shiga ɗin daga baya, ya fito a 1975 cikin sahun farko na ajinsu. Ya yi shekara biyar a soja, galibi a runduna ta 82 ta masu dira da lema, ya kai muƙamin kyaftin. Bai je fagen yaƙi ba. Yana cikin kaki ya yi babban digiri kan harkar kasuwanci a jami'ar Utah, a 1980 kuma ya shiga Procter & Gamble a birnin Cincinnati.

A can ya bi matakala ɗaya bayan ɗaya: ya kula da tallar sabulun Tide, aka tura shi Kanada, sai Filifin, sai Japan, sai Beljiyam. Ranar 1 ga Yulin 2009 ya gaji A.G. Lafley a kujerar shugaban kamfanin, wanda a lokacin ke da ma'aikata sama da dubu 120 da cinikin da ya haura dala miliyar 80 a shekara.

Shugabancin nasa bai ƙare da daɗi ba. Ya karɓi kamfanin ana tsakiyar karayar tattalin arzikin duniya, ya dage kan faɗaɗa kasuwa a ƙasashe masu tasowa, yayin da a gida Amurkawa ke gudun kaya masu tsada suna komawa masu araha. A 2012 ya sanar da shirin rage kashe kuɗi na dala miliyar 10 tare da soke guraben aiki 5,700. A wannan shekarar ce attajirin nan Bill Ackman ya sayi hannun jari mai yawa a kamfanin, ya fara matsa lamba, har ya fito fili yana cewa McDonald ya raba hankalinsa a kwamitocin wasu kamfanoni da ƙungiyoyi. A watan Mayun 2013 aka sanar da ritayarsa, aka maido da Lafley. Don haka mutumin da Obama ya gabatar bayan shekara guda, mutum ne da masu hannun jari suka ƙosa da shi. Ga shi kuma a siyasance ba na gida ba ne, domin ya taɓa ba da gudummawar kuɗi ga Mitt Romney, wanda ya kara da Obama a zaɓen 2012. Wannan ya taimaka masa a majalisa. Wani abin da ya taimaka shi ne mataimakin ministan da ya tarar, Sloan Gibson, tsohon ma'aikacin banki, abokin karatunsa ne a West Point.

Minista mai raba lambar wayarsa

Makonni kaɗan da shigarsa ofis, ya tsaya gaban ƴan jarida ya karanto lambar wayarsa ta hannu, ya ce duk tsohon sojan da ke da matsala ya kira shi. Aka yi ta kira kuwa. Ya kuma roƙi ma'aikata su daina ce masa mai girma minista, su kira shi Bob kawai. A ma'aikatar da ƙananan ma'aikata suka saba ganin ana ladabtar da duk wanda ya tona ɓarna, wannan ba ƙaramin saƙo ba ne, ko da yake wasu sun ɗauke shi wasan kwaikwayo.

Ya riƙa kiran tsofaffin sojoji da sunan abokan ciniki, kalmar da ta yi wa wasu ƙungiyoyinsu banbaraƙwai. Ya zagaya makarantun koyon aikin likita da kansa yana zawarcin ɗalibai, yana cewa ma'aikatar na buƙatar ƙarin likitoci da ma'aikatan jinya kimanin dubu 28. A watan Nuwamban 2014 ya ƙaddamar da shirin da ya kira MyVA. Kafin nan kowane sashe na ma'aikatar na da taswirarsa ta raba ƙasa shiyya-shiyya, da shafukan intanet barkatai, da lambobin waya masu yawa, ta yadda mai neman diyya da magani a lokaci guda zai yi ta yawo tsakanin ofisoshin da ba sa magana da juna. McDonald ya kafa ofishi na musamman da aikinsa kawai shi ne ya tambayi tsofaffin sojoji yadda aka karɓe su, ya auna amsoshinsu, kamar yadda kamfanin sabulu ke shiga gidaje ya ga yadda mata ke wanki kafin ya sauya kayansa. Wannan shi ne abin da ya iya, kuma shi ne ya fi daɗewa bayan tafiyarsa.

Inda ikon shugaban kamfani ya tsaya

A Cincinnati, idan McDonald ya so rufe masana'anta ko sallamar manaja, kwamitin mutum goma sha wani abu zai shawo kansa. A Washington, masu riƙe da lalitarsa ƴan majalisa 535 ne, kowa da mazaɓarsa.

Maganar kora ita ce ta fi ci masa tuwo a ƙwarya. Jama'a na son ganin an hukunta waɗanda suka yi maguɗin rajista. Dokar da Obama ya sa wa hannu ranar 7 ga Agustan 2014 ta ba ministan ikon sallamar manyan jami'ai cikin gaggawa, amma aiki da ita ya zo da sarƙaƙiya. An kori Sharon Helman, shugabar asibitin Phoenix, a watan Nuwamba. Da ta ɗaukaka ƙara, alƙalin ya tabbatar da korar, amma ba don jerin sunayen ɓoye ba. Ya ce ma'aikatar ba ta kawo hujjar da ta isa kan wannan ba. Abin da ya kama ta shi ne kyaututtukan da ta karɓa daga wani mai neman kwangila, ciki har da biya wa danginta yawon shaƙatawa a Disneyland. A 2016 ma'aikatar shari'a ta ce ba za ta ci gaba da kare wani sashe na dokar a kotu ba, a 2017 kuma wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce sashen ya saɓa wa tsarin mulki.

Haka batun gine-gine yake. McDonald ya shaida wa majalisa cewa ma'aikatar na da sama da gine-gine 300 da babu kowa ciki ko ba a amfani da ko rabinsu, kuma ana kashe miliyoyin daloli kowace shekara wajen kula da su. Kowane ɗan majalisa ya yarda a rufe, muddin ba na mazaɓarsa ba ne. A gefe guda kuma ya gaji ginin sabon asibiti a Aurora, kusa da birnin Denver, wanda aka ƙiyasta zai ci kimanin dala miliyan 600, ya ƙare a miliyar 1.7, kuma ba a buɗe shi ba sai 2018.

Dokar ta Agusta ta zo da kuɗi sama da dala miliyar 16. Miliyar 10 daga ciki na wani shiri ne mai suna Choice, wanda ya ba tsohon soja damar zuwa asibitin kuɗi gwamnati ta biya, idan jiransa zai wuce kwana 30 ko kuma gidansa ya yi nisan fiye da mil 40, kimanin kilomita 64, da asibitin VA. Majalisa ta ba da kwana 90 kacal a kafa shirin. Ba a fafe gora ranar tafiya: aka miƙa aikin ga kamfanoni biyu, likitoci suka yi ta kukan ba a biyansu da wuri, wasu tsofaffin sojoji suka wayi gari ana binsu bashin asibiti. Da farko ma nisan a miƙe ake aunawa a taswira, ba ta hanyar mota ba, sai a Afrilun 2015 aka gyara. A tsakiyar wannan shekarar kuɗin gudanar da asibitoci ya gaza da kusan dala miliyar 2.5, wani ɓangare saboda tsadar sabon maganin ciwon hanta nau'in C, ga kuɗin Choice a ajiye amma doka ta hana taɓa shi. Sai da ma'aikatar ta yi barazanar rufe asibitoci kafin majalisa ta yarda a ɗiba.

Baki shi ke yanka wuya

Abin da yawancin Amurkawa suka fi tunawa game da McDonald ba waɗannan ba ne. Kalamansa ne.

Watan Fabrairun 2015 kaɗai ya jawo masa rigima uku. A zaman wani kwamitin majalisar wakilai, ɗan majalisa Mike Coffman na Colorado ya caccake shi kan asibitin Aurora. McDonald ya fusata, ya ce shi ya jagoranci babban kamfani, shi Coffman me ya taɓa yi? Coffman kuwa tsohon soja ne da ya je yaƙin Tekun Fasha ya kuma yi aiki a Iraki. Kwanaki kaɗan bayan haka, ministan ya faɗa a talabijin cewa an kori mutum 60 saboda maguɗin lokacin jira. Masu bin diddigi suka gano cewa adadin ya haɗa da waɗanda aka yi wa gargaɗi ko ake shirin ladabtarwa, waɗanda aka kora da gaske ƴan ƙalilan ne. Sai kuma wani hoton tashar CBS ya nuna shi a Los Angeles yana hira da wani marar matsuguni da ya ce ya yi aiki a rundunar musamman, McDonald ya amsa masa cewa shi ma a can ya yi. Ba gaskiya ba ne. Ya kammala horon Ranger mai wuya, amma bai taɓa zama ɗan wannan runduna ba. Ya nemi afuwa. A tsakanin sojojin Amurka, da'awar abin da ba ka yi ba laifi ne da ba a saurin mantawa, balle ga wanda aka kawo domin ya kawar da ƙarya.

Mafi muni ta zo ranar 23 ga Mayun 2016. A wata ganawa da ƴan jarida, aka tambaye shi dalilin da ya sa ma'aikatar ba ta bayyana tsawon jira tun daga ranar da mutum ya nemi ganin likita. Ya ce ai kamfanin Disney ba ya auna awoyin da mutane ke yi a layin wuraren wasansa, abin da yake aunawa shi ne gamsuwarsu. Akwai ƙamshin gaskiya a abin da yake nufi, tunda bautar lamba guda ce ta haifi abin kunyar Phoenix. Amma ba wanda ya taɓa mutuwa a layin lilo. Kakakin majalisar wakilai Paul Ryan ya mayar masa da martani a ranar, wasu sanatoci suka nemi ya sauka. Ya ce ya yi nadamar duk wata fahimta da kalaman suka jawo, bai kuma sauka ba.

Abin da ya bari

Alƙaluman zamaninsa sun kasu biyu. Takardun neman diyya da suka wuce kwana 125 ba a duba ba, waɗanda suka kai dubu 611 a watan Maris na 2013, sun sauko ƙasa da dubu 100 a Agustan 2015. Sai dai tun zamanin Shinseki aka fara mayar da takardun cikin kwamfuta, kuma yayin da wannan tsibi ke raguwa, na masu ɗaukaka ƙara ya haura dubu 400. Yawan tsofaffin sojoji masu kwana a titi ya ragu da kashi 47 cikin 100 tsakanin 2010 da 2016, zuwa ƙasa da dubu 40. A Janairun 2015 McDonald ya sasanta wata tsohuwar shari'a kan filin ma'aikatar mai faɗin hekta 157 a yammacin Los Angeles, wanda aka ba da kyauta tun ƙarni na 19 domin matsugunin sojoji amma aka riƙa ba da hayarsa ga masu wasanni da kamfanoni. Ginin gidajen da aka yi alkawari ya yi ta jan ƙafa shekaru bayan haka.

A ɗaya ɓangaren, hukumar binciken kuɗin gwamnati ta GAO ta saka kiwon lafiyar VA cikin jerin ayyukan da ke cikin babban haɗari a 2015. A 2016 sufeto janar ya gano cewa wasu kiraye-kirayen layin gaggawa na masu tunanin kashe kansu na faɗawa na'urar ajiye saƙo, a shekarar da ma'aikatar da kanta ta ce tsofaffin sojoji 20 ne ke kashe kansu kowace rana. Aka buɗe cibiyar amsa kira ta biyu a Atlanta.

Bayan Donald Trump ya ci zaɓe, manyan ƙungiyoyin tsofaffin sojoji sun roƙe shi ya bar McDonald a kujerarsa. Wata ƙungiyar masu ra'ayin riƙau, Concerned Veterans for America, wadda Pete Hegseth ya taɓa jagoranta kafin ya zama ministan tsaro a 2025, ta dage sai ya tafi, domin tana son a ƙara tura maras lafiya asibitocin kuɗi, shi kuwa yana cewa wannan hanya ce ta rusa VA sannu a hankali. McDonald ya bar ofis ranar 20 ga Janairun 2017. Trump, wanda ya sha sukar ma'aikatar a yaƙin neman zaɓe, ya ɗauko David Shulkin, likitan da ke riƙe da sashen lafiya ƙarƙashin McDonald tun 2015, sanatoci 100 suka amince da shi. Dokar gyara tsarin ɗaukaka ƙara da McDonald ya yi ta roƙon majalisa ta zartar, sai a Agustan 2017 aka sa mata hannu.

A 2018 GAO ta ce tsarin Choice na iya sa mutum ya jira har kwana 70 kafin ya ga likitan waje, a shirin da aka ƙirƙira domin kada jira ya wuce kwana 30. A wannan shekarar aka zartar da dokar da ta maye gurbinsa. A farkon 2019 kuma mujallar likitoci ta JAMA Network Open ta buga wani nazari, wanda Shulkin na cikin marubutansa, da ya kwatanta jiran sabbin maras lafiya a manyan biranen ƙasar. A 2014, jiran VA ya kai kwana 22.5, na asibitocin kuɗi 18.7. A 2017, na VA ya sauko zuwa 17.7, na asibitocin kuɗi ya hau zuwa 29.8.